Babban kanti zai buɗe reshe a garinmu: mu biya a hana shi?

Tambaya: Malam, ina da kantin kayan masarufi a Gidar, arewacin Kamaru, shekara 14. Ana cewa wani babban kanti mai rassa a kudu zai buɗe kusa da kasuwa. Barci ya ƙaurace mini. An ce kowa ya kawo sefa 10,000 a ba wani mai hanya ya ga magajin gari a hana su. In bayar?

Amsa: Alhaji, kada ka bayar. Ko dala.

Wannan magana ta ishe ni. Kusan kowane mako sai wani ya shigo ofishina da littafin karo-karo a hammata, wai an samu wanda "ya san mutane". Ka riƙe wannan: magajin gari ba shi da ikon hana mutum kasuwanci don kawai jarinsa ya fi naka. Dokar kasuwanci ta Kamaru ta 2015 a kan 'yancin ciniki ta ginu. Wanda ya yi rajista, ya biya patanti, wato harajin kasuwanci, ya samu izinin gini, zai buɗe. In an hana shi ba hujja, kotu zai tafi da lauyoyin da kuɗin karo-karonku ba zai ɗauki ko ɗaya ba.

To ina kuɗin yake tafiya? Na ga irinsa da idona. Mutum ya zo da babbar riga da wayoyi biyu, ya karɓi na farko, bayan mako uku ya dawo wai takarda ta maƙale a ofishin perefe, wato wakilin gwamnati a yankin, a ƙaro. Aka ƙara. Ranar da aka ɗaura allon kantin, lambarsa ta daina shiga. Kuma wa za ku kai wa ƙara? Ku ce wa jandarma kuɗin cin hanci aka cinye muku? Mai bayarwa ma doka ta hau kansa. Abin haushi, masu wannan sakaci su ne waɗanda ba a iya cutarsu sefa 25 a kan buhun shinkafa.

Za a ce ai wasu ƙasashe sun taƙaita manyan kantuna. Gaskiya ne. Faransa ta yi dokar Royer a 1973, Senegal ta fitar da doka a 2018 bayan 'yan kasuwa sun tayar wa babban kantin Auchan. Amma duka daga gwamnatin ƙasa suka fito, kuma neman izini suka wajabta, ba kora ba. A nan Kamaru, babban kantin Carrefour ya buɗe a Duwala tun 2017, kasuwannin birnin kuma suna nan suna ci.

Abin da magajin gari ke iya taɓawa shi ne wuri: inda za a yi gini, inda tirela za ta sauke kaya, kada a toshe bakin kasuwa. Wannan ku rubuta shi da sunan ƙungiyarku, ku kai da rana tsaka, a buga muku hatimin karɓa.

Ni dai ban goyi bayan hanawa ba, don talaka ma yana son sauƙi. Kuma babban kanti mai na'urar lissafi ba zai auna wa Inna sukarin sefa 50 ba, ba zai rubuta wa malamin makaranta bashi zuwa ƙarshen wata ba. Inda zai doke ku shi ne sari. Waccan 10,000 ɗin, in ku hamsin ne, rabin miliyan ke nan. Ku ɗora a kai, ku yi odar mota guda daga Gaundare, inda jirgin ƙasa ke sauke kaya, ku raba a farashin sari.