Furen kabewa da kankana na zubewa ba 'ya'ya: amsa ga manomin da ya yi feshi sau huɗu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shekara uku ke nan ina noman kabewa da kankana, amma bana abin ya ɗaure min kai. Shuka ta yi kyau, ta yi yaɗo ta rufe ƙasa, fure kuma ba a magana. Sai dai furen yana buɗewa da safe, kafin yamma ya yanƙwane, washegari ya faɗi. 'Yan ƙananan 'ya'yan da suka fito ma sai su yi rawaya su ruɓe tun ba su kai ƙwan kaza ba. Mai sayar da maganin ƙwari ya ce ƙwarin da ke shiga furen ne ke cinye shi, ya ba ni magani, na yi feshi sau huɗu cikin mako biyu. Wani kuma ya ce in riƙa tsinke furannin da ba su da ɗa a gindi domin suna shanye ƙarfin shuka, na kuwa tsinke. Abin sai ƙaruwa yake. Duk jarina yana cikin gonar nan, ko barci ba na iya yi. Me ya rage in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ka kwantar da hankalinka, gonarka ba ta mutu ba. Kabewa da kankana suna ɗaukar makonni suna fitar da sabon fure, don haka akwai sauran dama. Amma daga yau ka ajiye famfon feshin nan, ka kuma daina tsinke fure. Shawarwari biyun da aka ba ka su ne suka mai da ƙaramar matsala babba.

Tunda ka yi shekara uku a harkar, ka san dangin nan na kabewa, kankana, kokwamba, duma da soso suna fitar da fure iri biyu a jikin shuka ɗaya. Mai siririn wuya wanda ba komai a gindinsa shi ne namiji. Mai ɗan kumburi a gindi kamar ƙaramin ɗa ita ce mace, kumburin nan kuwa mahaifa ce da ba ta ɗauki ciki ba tukuna. Mazan ne ke fara fitowa, sau da yawa da mako ɗaya ko biyu, kuma sun fi matan yawa nesa ba kusa ba. Namiji kwana ɗaya yake yi a duniya: ya buɗe da asuba, ya ba da garinsa, wato rawayan garin da ke tsakiyarsa wanda ke barbarar mace, ya rufe kafin rana ta take, ya faɗi. Zubar da ka gani da farko, wadda ta tayar maka da hankali, aikin shukar ne na yau da kullum. Da ka bar ta, da matan sun biyo baya. Idan zafi ya tsananta, ko an cika takin yuriya, shukar kan ƙara yawan maza da ganye ta jinkirta mata, wannan ma yakan daidaita da kansa.

Wanda ya ce ka tsinke mazan ya sa ka kori ango ne ranar ɗaurin aure. Wannan kuskure ne, amma mai sauƙin gyara, domin gobe wasu za su buɗe. Feshin shi ne inda gizo ke saƙa, kuma a kansa zan tsaya, don kusan kowane mako sai an kawo min irin wannan ƙorafi.

Garin furen kabewa yana da nauyi da danƙo, ƙwayoyinsa manya ne masu ƙaya-ƙaya idan ka duba su a madubin ƙara girma. Iska ba ta ɗaukarsa. Ba kamar masara ba, wadda garinta ke tashi daga saman kara ya sauka a kan gemu, kowane silin gemu ya ba da ƙwayar masara ɗaya. A kabewa da kankana dole sai wani mai rai ya ɗauko garin daga namiji ya kai wa mace, kuma cikin sa'o'i kaɗan na safiya ɗaya, domin ita ma macen kwana ɗaya take buɗewa. Mai wannan aiki shi ne ƙudan zuma da 'yan uwansa. Ƙwarin da mai magani ya nuna maka ya ce su ne ɓarayi, su ne ma'aikatan gonarka, kuma ba ka biyansu ko sisi.

Ziyara ɗaya ma ba ta wadatar ba. Kowane iri da ke cikin kankana ƙwayar gari ɗaya ce ta samar da shi. Ƙwayar takan sauka a kan tsinin da ke tsakiyar furen mace, ta fitar da siririn bututu ya gangara har cikin mahaifa. Binciken da aka yi a kan kankana mai iri ya nuna macen tana bukatar ƙwayoyin gari wajen 1,000, a bazu a kan sassa uku na tsinin, abin da ke cin ziyarar ƙudan zuma kamar takwas. Irin da ya fara girma shi ne ke fitar da sinadaran da ke umartar naman ɗan ya kumbura. Inda babu iri babu wannan umarni. Shi ya sa za ka ga kankana ta karkace, gefe ɗaya ya cika ɗaya ya motse, ko kokwamba ta lanƙwashe kamar ƙugiya: gari ya isa wani sashe bai isa wani ba. Idan kuwa bai isa ko'ina ba, shukar ba ta ɓata abincinta a kan mahaifar da ba kowa a ciki. Sai ta yanke mata ruwa, ta yi rawaya daga wajen bakin fure, ta yanƙwane ta faɗi. Abin da ka kwatanta ke nan daidai.

To ka duba yadda abin ke juyawa. Manomi ya ga maza na zuba, ya tsorata. Aka sayar masa da guba, ya fesa da safe lokacin da fure ke buɗe, ƙudan zuma na ciki. Suka mutu. Mata suka fito ba mai kai musu gari, 'ya'ya suka ruɓe. Ya koma wurin mai magani, aka ce wancan bai da ƙarfi, ga wanda ya fi shi. Garin neman gira aka rasa ido, mai shago kuwa ya yi ciniki sau huɗu. Na taɓa shiga wata gonar kabewa da sassafe kwana ɗaya bayan irin wannan feshi. Na buɗe fure guda, na tarar da ƙudan zuma uku a ƙasansa sun dunƙule, ƙafafunsu da garin fure rawaya, ɗaya yana ɗan motsi. Gonar tsit, babu ƙugin nan da ake ji a lafiyayyar gona da safe. Mai gonar yana tsaye yana nuna min su da alfahari, wai maganin ya yi aiki. Har yau abin yana ci min rai, domin mutumin ba mugu ba ne, an yaudare shi ne da kuɗinsa.

Abin da ke ƙara ba ni haushi, wannan ba sabon ilimi ba ne da za a ce bai iso ba. Tun 1694 Rudolf Camerarius a Jamus ya nuna da gwaji cewa idan aka cire sashen namiji na fure, iri ba ya samuwa. A 1735 Carl Linnaeus ya rarraba tsirrai zuwa aji 24 bisa sassan maza da mata na furanninsu, saboda ya gane nan ne sirrin shuka yake. A 1793 Christian Sprengel ya wallafa bincikensa da ya nuna launin fure da ƙamshinsa da ruwan zaƙinsa duk kiran ƙwari ne. Masu dabino kuwa sun riga su duka, dubban shekaru ke nan suna hawa bishiya suna kai garin namiji kan mace da hannu. Amma a yau mutum zai buɗe shago, bai taɓa buɗe fure ya ga cikinsa ba, bai iya karanta takardar da ke jikin kwalbar da yake sayarwa ba, ya zama shi ne likitan gona. Ba ya zuwa gonar, ba ya tambayar wane ƙwaro ne, kalma ɗaya yake jira, "ƙwari", ya miƙo kwalba. Hukumomin da ya kamata su sa ido kuma sun tsaya a kan takardar rajista, wanda ke sayarwa da abin da yake gaya wa manomi ba ruwansu.

Nau'o'in ƙudan zuma a duniya sun haura 20,000, kuma mafi yawansu ba sa zama cikin amya, ba sa yin zuma. Ɗai-ɗai suke rayuwa, da yawa a cikin ramukan ƙasa ko busasshen kara, wataƙila a gefen kunyarka. Manomi ba ya ganinsu a matsayin zuma, sai ya lissafa su cikin maƙiya. Rahoton ƙasa da ƙasa na 2016 a kan masu barbarar furanni ya ce kimanin kashi 75 cikin 100 na nau'o'in amfanin gona na duniya suna dogara da su ko yaya. Magunguna irin su lambda-cyhalothrin, dimethoate, chlorpyrifos da carbaryl duk suna kashe su nan take. Akwai kuma waɗanda shuka ke shanyewa su bi jikinta har cikin garin fure da ruwan zaƙinsa, irin su imidacloprid. Waɗannan ko ba su kashe nan take ba, sukan rikita ƙudan ya kasa gane hanyar gida. Dalilin haka Tarayyar Turai ta hana amfani da uku daga cikinsu a fili a 2018: imidacloprid, clothianidin da thiamethoxam. Ka duba kwalbarka ka ga wanne aka ba ka. Ban ma taɓo lafiyarka ba, kai da ka goya famfo sau huɗu cikin mako biyu, da ta waɗanda za su sha kankanar.

Jahilcin nan yana da ƙanne. Shi ne ke sa a buga wa gwanda ƙusa wai don namiji ya koma mace. Jinsin gwanda a cikin ƙwayoyin gadonta yake, akwai namiji, akwai mace, akwai mai haɗe da duka biyun, ƙusa ba ta canja ko ɗaya, rauni kawai take buɗe wa cuta. Namijin gwanda yakan ɗan yi 'ya'ya jefi-jefi idan yanayi ya sauya, sai mai ƙusa ya ce aikinsa ne.

Ban ce babu ƙwaron da ke ɓata kabewa da kankana ba. Akwai ƙudan 'ya'yan itace, wanda macensa ke huda ƙaramin ɗa ta zuba ƙwai, kuma shi ma yana sa ɗa ya ruɓe ya faɗi. Rarrabewa ba wuya. Ɗauki goma daga cikin waɗanda suka lalace ka tsaga da wuƙa. Idan ka ga ɗan huji a fata yana tsattsafo da ruwa mai danƙo, ciki kuma da fararen tsutsotsi, ƙuda ne. Idan fatar lafiya lau, ciki babu tsutsa, irin kuma fanko ne, rashin barbara ne. Ko da ƙudan ne, feshi a kan fure ba ya kaiwa ga tsutsar da ke cikin ɗa. Ana tsince waɗanda suka kamu a binne su da zurfi, a rataya tarko mai ƙoto a gefen gona, a rufe ƙananan 'ya'ya da jakar takarda bayan sun kama.

Yanzu ga aikin gobe. Tunda ka kashe ma'aikatan, kai za ka maye gurbinsu kafin wasu su dawo. Ka shiga gona tsakanin ƙarfe 6 da 9 na safe. Tsinko namijin da ya buɗe a ranar, ka taɓa tsakiyarsa da yatsa, idan ka ga rawayan gari ya manne to ya nuna. Cire ganyen furen ya rage tsinken tsakiya kamar ɗan burushi. Nemo macen da ita ma ta buɗe a ranar, ka goga shi a hankali a kan tsininta, ka zagaya kowane sashe, kada ka bar gefe guda. A kankana ka yi amfani da namiji biyu ko uku ga mace ɗaya tunda furenta ƙarami ne. Ɗaura ɗan zare a wuyan wadda ka yi wa don ka gane ta. Cikin kwana biyu zuwa uku za ka ga bambanci: wadda ta kama tana nan kore shar tana ƙara kumbura, wuyanta yana kauri. Ka rage takin yuriya, ka daidaita ban ruwa kada ƙasa ta bushe ƙaƙas sannan a cika ta, domin ƙishi ma yana sa shuka zubar da ɗa.

Idan wata rana wani ƙwaro ya tilasta maka feshi, ka fara sanin sunansa, ka nemi maganin da ya dace da shi, ka karanta gargaɗin ƙudan zuma a jikin kwalba, ka yi da yamma bayan furanni sun rufe. Wannan dabarar ba ta aiki da magungunan da shuka ke shanyewa, su kam a guje su gaba ɗaya lokacin fure. Ba ta aiki kuma a gonar duma, domin farin furenta da yamma yake buɗewa, malam-buɗe-littafin dare ne ke yi masa aiki.

Bayan mako guda da daina feshi, ka tsaya a gindin shuka ɗaya da safe na minti goma ka ƙirga masu shiga fure. In ka fara ganinsu suna zuwa a kai a kai, sai ka rage aikin hannun. Ka rubuto min abin da ka samu a cikin goman da ka tsaga, da sunan maganin da ke jikin kwalbar.