Na sayi tsohuwar Winchester a gwanjo: in goge ta? Za ta harbu?

Tambaya: Malam, ina zaune a jihar Texas ta Amurka. Na sayi wata tsohuwar bindiga a gwanjon kayan gado, irin mai liba a ƙasa wadda ake ja a mayar don ɗura harsashi. A bayan kunamarta an rubuta "Model 1873", a ƙarƙashi akwai wani guntun tagulla mai rubutun "44 CAL", lambarta kuma guda shida ce, ta fara da 2. Ƙarfen ya koma ruwan ƙasa, ƙotar ta yi baƙi. Ina so in sa samfefa in goge ta, a sake mata launi, sannan in gwada harbi. Me ka gani?

Amsa: Malam, ajiye samfefar nan tukuna. Kafin komai, tabbatar babu harsashi a cikinta. Ja libar, leƙa ɗakin harsashi, ka duba dogon bututun da ke ƙarƙashin bakin, sannan ka buɗe 'yar ƙofar da ke gindin ƙota, inda ake adana sandar wanki. A shekarar 2014 an tsinci irin wannan bindiga, ƙirar 1882, jingine da wata bishiya a gandun Great Basin na jihar Nevada. Da aka ɗauke ta hoton asibiti, sai ga harsashi kwance a cikin ƙotar.

Abin da ka saya Winchester ce ƙirar 1873, ta masana'antar kamfanin da ke New Haven a jihar Connecticut. An ƙera kusan 720,000 cikin shekara hamsin ko kusa da haka. Rubutun "44 CAL" na nufin harsashin .44-40, wanda aka fito da shi tare da ita; .38-40 da .32-20 daga baya suka biyo. Masu tara bindigogi sun kasa ta gida uku, kuma da murfin ƙurar da ke samanta ake ganewa. Ta farko, murfin yana zamewa a cikin tsagi biyu na gefe. Ta biyu, yana gudu a kan siririn ƙarfe da aka ɗaure da sukuru. Ta uku, wannan siririn ƙarfen a jikin bindigar aka sassaƙo shi. Daga lamba 90,000 ko kewayenta ta ukun ta fara, don haka taka ta uku ce, kuma lambar da ta fara da 2 tana kai mu rabin ƙarshe na shekarun 1880. In kana son takamaimai, aika lambar zuwa gidan tarihin bindigogi na garin Cody a jihar Wyoming. Kundin masana'antar yana hannunsu, suna kuma ba da wasiƙa mai nuna ranar da bindigar ta bar sito da siffar da ta fita da ita. Da wasiƙar za ka gane ko wani ya taɓa datse bakin: na doguwar inci 24 ne a ka'ida, na gajerar ta mahaya doki inci 20.

Sai batun gugar, inda na fi jin tsoron hannunka. Wannan ruwan ƙasar da kake gani kamar datti, shi masu saye suke biyan kuɗi a kai. Bindiga mai shekara fiye da 130 da aka goge aka sake wa launi tana faɗuwa a daraja ƙwarai, kuma masani daga nesa yake gane ta: kusurwoyin ƙarfe sun yi laushi, rubutun kan baki ya dushe, ramukan sukuru sun lotsa. Abin da samfefa ta ci ba ya dawowa. Tsatsa iri biyu ce. Mai ja, mai gari-gari, wadda ke shafa a yatsa, tana cin ƙarfe har yanzu, ita za ka kashe. Zuba mata man bindiga, bar ta ta kwana, ka bi ta a hankali da tsumma ko soson tagulla mai laushi. Mai santsi, mai launin goro, ka ƙyale ta. Tagullar nan ma kada ka sa mata man ƙyalli.

Ƙotar itacen walnut ce. Baƙin da ke kusa da ƙarfe man da ta sha ne shekara da shekaru, kuma a nan take tsagewa, don haka duba wuyanta da kyau. Tsumma mai ɗan danshi da sabulu kaɗan ya ishe ta. In za ka kwance faifan ƙarfe biyu na gefe, nemi sukudireban maƙeran bindiga wanda ya cika tsagin sukurun daidai. Na gyaran mota zai ɓata masa kai a juyi ɗaya. Ɗauki hoton komai kafin ka cire.

Da ka buɗe za ka ga abin da zai amsa maka tambayar harbi. Wasu 'yan ƙarafa ne masu lanƙwashewa kamar gwiwa, su ne ke tokare harsashi lokacin da ya tashi. Tsarin yana da santsin aiki amma ba shi da ƙarfi, shi ya sa mai ƙera bindigogi John Browning ya sake shi gaba ɗaya a ƙirar 1886 da 1892. An yi taka ne don baƙin albarushi, irin wanda 'yan bindiga ke ɗurawa a hawan Sallah. Daga baya kamfanoni sun yi .44-40 mai zafi don ƙirar 1892, kuma tsofaffin kwalayensa suna yawo a kasuwa har yau. Kada ko ɗaya ya shiga cikinta.

Za ta iya harbuwa, amma ba ni zan yanke ba, ba kai ba. Kai ta wurin maƙerin bindiga da ya saba da tsofaffi, ya auna tazarar da ke bayan harsashi, ya duba gwiwoyin nan ko sun tsage ko fil ɗinsu ya sassauta, ya haska cikin bakin. 'Yan ramukan tsatsa ba sa hana harbi. Kumburi a jikin bakin yana hanawa. In ya yarda, yi amfani da harsashin baƙin albarushi, ko mai sauƙin nan da ake yi wa masu gasar harbin kaboyi, mai kan darma, mai faɗin hanci. Faɗin hancin wajibi ne, domin a bututun ajiya hancin kowane harsashi yana zaune ne a kan gindin na gabansa. Sa tabarau, fara da ɗaya, ka duba kwanson: in ya kumbura ko ya tsage, tsaya nan. Baƙin albarushi kuma yana barin toka mai jan danshi, don haka a ranar za ka wanke bakin da ruwan zafi, ka busar, ka shafa mai.

A dokar tarayyar Amurka, bindigar da aka ƙera kafin 1899 kayan tarihi ce da ake yi wa rangwame, amma jihohi suna da nasu sharuɗɗan, kuma wannan rangwame ba ya bin ka zuwa Najeriya, inda sai da lasisi. In harbi kowane mako kake sha'awa, kamfanin Uberti na Italiya da Miroku na Japan suna ƙera sabuwar 1873 da ƙarfen zamani. Sayi ɗaya ka more, wannan kuma ka fito da ita sau ɗaya ko biyu a shekara.