Amsar Tambayarka Kan Zarton Inji Na Hannu

Ɗana, ka tambaye ni ko ya dace ka zuba ɗan abin da ka tara a kan zarton injin nan da aka yi maka tayinsa a Dilimi, nan Jos, wanda mai shi ya ce ya daɗe a ajiye, ba ya tashi, amma zai sallama maka da sauƙi. Ya dace, da sharaɗin ka duba shi da idonka kafin kuɗi su bar aljihunka. Kada a tsorata ka da cewa araha ba ta ado, domin yawancin injunan da ake jinginewa tsohon fetur ne kawai ya bushe a cikinsu. Sai dai akwai waɗanda suka mutu da gaske, kuma babban aikinka shi ne ka bambance tsakanin biyun tun kana gaban mai sayarwa.

Ka tafi da sufana da sukudireba da tocila. Ka fara da kama hannun igiyar tayarwa, ka ɗaga injin da ita, ka bar nauyinsa ya rataya. Idan yana sauka a hankali yana cijewa, to akwai matsi a cikin silinda, idan kuwa ya zurare ƙasa gaba ɗaya, matsin ya tafi. Manyan injuna suna da ɗan maɓallin rage matsi a kan silinda, saboda haka ka tabbata ba a danne yake ba kafin ka yanke hukunci.

Daga nan ka nemi izinin mai shi ka kwance salansa, domin ta ramin da hayaƙi yake fita za ka ga gefen fistin da ringinsa. Ka haska tocila, kana jan igiyar sannu sannu har fistin ya gitta ta gabanka. Mai lafiya sumul yake, da ɗan maiƙo a jikinsa, kuma ringin yana ɗan motsawa idan ka danna shi da tsinke. Wanda ya ƙone kuwa za ka ga an karce shi a tsaye daga sama zuwa ƙasa, wani lokaci har ƙarfen ya narke ya like ringin a cikin gurbinsa. Duk wanda ya hana ka buɗe salansa, ka yi masa godiya ka kama hanyarka. Kafin ka mayar, ka kama kuloci, wato abin da yake juya sarƙa, ka girgiza shi sama da ƙasa, idan akwai wasa to boris ya cinye. Ka kuma duba ƙasan injin ko akwai tsaga, domin gangar jikinsa ba irin ƙarfen da mai walda na bakin titi zai like maka ba ne.

Ko fistin ya ƙone, ciniki bai mutu ba tukuna, sai ka duba irin injin. Na Caina da aka rubuta wa 5200 ko 5800 ana samun silinda da fistin nasu cikin sauƙi, kuma kuɗinsu ba ya da yawa. Amma Stihl na Jamus ko Husqvarna na Suwidin, kayansu na asali suna iya fin abin da ka biya a injin kansa. Ka kuma sani cewa jabun Stihl sun yi yawa, musamman samfurin 070 da masu tsaga katako suke so, don haka kada fenti ya ruɗe ka, ka nemi lambar da aka buga a jikin ƙarfen. Kuma ka saya a gaban shaida, ka karɓi takarda, domin arahar da ta wuce kima wani lokaci alamar kayan sata ce.

Abin da nake so ya zauna maka a rai shi ne, fistin ba ya ƙonewa haka kawai. Wannan inji ba shi da tukunyar baƙin mai irin ta mota, man da aka gauraya a cikin fetur ne yake shafe cikinsa. Saboda haka ko dai wani ya zuba masa fetur zalla, ko kuma iska tana shiga ta inda bai kamata ba, ta rage masa mai har ya ɗauki zafi. Iskar takan shiga ta robobin da ke gefe biyu na kiranshaf, wato ƙarfen da fistin yake juyawa, ko ta robar da ta haɗa kafireta da silinda, ko ta ɗan siririn tiyon da ke harba kafireta. Alamarta ita ce injin ya riƙa gudu da kansa ba ka taɓa shi ba, ko muryarsa ta sauya idan ka kwantar da shi a gefe. Wanda ya sa sabon fistin bai toshe wannan kafa ba, zai sake ƙona shi ba da jimawa ba.

Idan Allah ya sa cikinsa lafiya yake, sauran aikin mai sauƙi ne. Ka zubar da tsohon fetur, ka wanke tanki, ka sauya tiyon mai da matatar da ke kansa. Ka buɗe kafireta a kan farin ƙyalle don kada ƙananan kayanta su ɓace. A ciki akwai wata siririyar fata wadda take tsotso mai, idan ta bushe ta yi tauri sai a sauya ta, wanki ba ya gyara ta. Ka fesa iska da mai a cikin ramukan kafiretar, amma kada ka zura musu allura ko waya. Ka sa sabon fulogi mai tazarar milimita 0.5, ka jingina shi da jikin silinda ka ja igiya, ka ga ko zai ba da wuta mai shuɗi. Matatar iska kuma ka riƙa wanke ta akai akai, balle da hunturu, lokacin da ƙura take haɗuwa da garin katako.

Wajen haɗin mai, ka auna, kada ka kintata. Da man 2T mai kyau, wato man da ake gaurayawa da fetur, Stihl da Husqvarna sun ce kashi 1 cikin 50, wato mililita 100 a lita 5 ta fetur. Yawancin na Caina an rubuta musu kashi 1 cikin 25, wato mililita 200 a lita 5. Ka haɗa a jarka ka girgiza, kuma kada ka haɗa abin da zai wuce wata guda a ajiye.

Saitin kafireta yana buƙatar kunne. Akwai noti biyu masu alamar L da H, na farko na ƙaramin gudu, na biyu na cikakken gudu. Ka ɗaure kowanne a hankali har ya taɓa, ba da ƙarfi ba, sannan ka sassauta shi kimanin zagaye ɗaya, daga nan ka fara. Idan H ya zauna daidai, za ka ji injin yana ɗan gurnani in ka ba shi wuta a sarari, sai muryar ta washe da zarar sarƙa ta shiga itace. Idan yana ƙara mai tsini tun bai shiga itace ba, mai ya yi masa kaɗan, ka sassauta nan take. Ka tuna kuma cewa Jos tana kan tudu, kimanin mita 1,200 sama da teku, iskarmu ba ta da kauri. Injin da ka saita a nan, idan aka kira ka aiki Akwanga ko Lafiya ko Abuja, zai sami iska fiye da yadda ya saba, don haka ka ɗan ƙara buɗe H kafin ka fara yanka.

Sarƙa kuwa, abin da take zubarwa ne zai gaya maka halinta: mai kaifi ɓarɓashi take fitarwa manya manya, dakusasshiya kuma gari. Ka wasa haƙoranta da zagayayyen magagari daidai girmansu, a karkace kimanin digiri 30, kowane haƙori da adadin gugar ɗan'uwansa. Ka nufi wani farin katako da bakin zarton kana ba shi wuta, ka ga ko yana fesa layin man da ke shafe sarƙa, kuma kada ka zuba masa ƙonannen baƙin mai da aka juye daga mota, domin yana cinye famfon da ke tura wa sarƙa mai. Ka gwada birkin sarƙa, ka sani kuma cewa tsofaffin manya irin 070 da yawa ba su da shi, shi ya sa ban so ka fara koyo da su. Saman bakin zarton idan ya taɓa itace yana iya harbo injin zuwa fuskarka kafin ka ƙifta ido.

Idan ka gama haɗawa, kada ka tayar da shi kai kaɗai. Ka kawo shi shago da safe, ka zo da takalmi mai rufi da gilashin ido da abin toshe kunne, mu tayar da shi a ƙasa ƙafarka tana danne da hannun baya, mu gwada shi a kan gungumen itacen turaren da ke bayan shago.