Ina so in ja wuta zuwa ɗakin mainin (haƙar Bitcoin) a bayan gida, mitata za ta ɗauka?

Tambaya: Salamu alaikum injiniya. Ni a Kano nake, na gina ɗan ɗaki na bulo da rufin kwano a bayan gida, ina so in saka injinan haƙar Bitcoin guda uku, Antminer S19 Pro. Mitar gidan fes ɗaya ce ta kati. Zan iya jan waya daga falo ko sai na canza wani abu?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Daga falo kam a'a, kar ma ka fara. Bari mu yi lissafi tukuna ka gani da idonka.

S19 Pro ɗaya yana cin wat 3,250, wutar gidajenmu kuma bolt 230 ce, in ka raba za ka samu am 14 da 'yan kai. Uku kenan sun haura am 42, kusan kilowat 10. Mitar kati ta fes ɗaya yawanci iyakarta am 60 ne zuwa 80, to sai ka ce ai akwai sauran wuri, amma ka tuna firij na nan, famfon burtsatse na nan, uwargida za ta jona dutsen guga, ga esi in kana da shi. Kuma babban abin ma ba nan yake ba. Dutsen guga minti goma an kashe shi, waya ta huce, shi kuwa wannan inji ba dare ba rana ba Juma'a ba sallah yana jan am 14 ɗinsa, waya ba ta samun sararin hucewa. Shi ya sa a aikinmu kayan da ba a kashewa ba ma bari su wuce kashi 80 cikin 100 na ƙarfin bireka, wato inji ɗaya bireka mai am 20 tasa shi kaɗai.

Soket ɗin bango mai ido uku da muke amfani da shi am 13 aka rubuta masa. Injin yana zuwa da igiyar wuta biyu, sai mutane su samo istenshan su cusa duka biyun a ciki. Na taɓa zuwa wani gida da aka yi haka, inji ɗaya tak, kwana huɗu. Tun daga ƙofa nake jin ƙaurin roba, da na kwance soket ɗin bayansa ya yi baƙi ƙirin ya narke ya manne da bango, da na fere wayar kuma sai ga fari a ciki, alminiyan ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama aka sayar masa a matsayin kofa. Allah ne ya tsare, don katifa na jingine a wajen.

Abin da ya dace shi ne ka je ofishin KEDCO ka nemi a mayar da kai mita mai fes uku, su zo su duba layinku da taransifomar unguwa. Da fes uku kowane inji ya hau nasa layin, am 14 kowanne, nauyi ya rabu. Daga babban allon gida a ja amod kebul, wato kebul mai sulken ƙarfe, mai waya huɗu na kofa zalla, a binne a ƙasa, in tazarar ba ta wuce mita 25 zuwa 30 ba mai kauri sikwaya mm 10 zai yi, in ta fi haka ko kana da niyyar ƙara inji gaba ka sa 16 ka huta. A ɗakin a kafa ƙaramin allo nasa da bireka uku, da na'urar da ke yanke wuta in ta zurare, da mai tare tartsatsin wuta don lokacin da aka kawo ta da ƙarfi ko aka yi tsawa. A buga sandar at, wato ƙarfen da ke kai wutar da ta zurare cikin ƙasa, a auna ta, ba a soke ta kawai a tafi ba. Kuma mai lasisi zai yi aikin, wanda hukumar NEMSA ta ba shaida, ba yaron shago ba.

Akwai kuma maganar lo karan. Injin nan tsakanin bolt 200 da 240 yake aiki, in unguwarku irin wadda da magariba fanka ke juyawa kamar ba ta so ce, zai dinga mutuwa yana tashi har akwatin wutarsa ya ƙone. Ka ari mitar awon boltej ka auna da rana da dare na sati guda kafin ka kashe ko kwabo.

Zafi kuwa, duk wutar da ya ci zafi take komawa, inji uku kamar ka kunna hita ta kilowat 10 ne a ɗaki mai rufin kwano, a Kanon da watan Afrilu ke haura digiri 40. Esi ba zai iya ba sai dai ya ƙara maka bil. Taga babba ta shigar iska a gefe ɗaya da raga mai tace ƙura saboda hunturu, manyan fankokin fitar da iska a ɗaya gefen. Ƙararsa ma kusan desibel 75 ce, maƙwabta za su yi magana.

To ga inda nake so ka tsaya ka yi tunani. Inji ɗaya yana shan yunit 78 a rana, 2,340 a wata. Layin da ke samun wutar awa 20 wato Band A, a Yulin 2024 an sa yunit ɗinsa naira 209.5, ka ga inji ɗaya naira dubu 16 da ɗoriya kullum, wajen dubu 490 a wata, ukun sun doshi miliyan ɗaya da rabi. Tun da aka raba ladan haƙa biyu a Afrilun 2024, daga Bitcoin 6.25 zuwa 3.125, abin da S19 Pro ke kawowa a rana galibi bai kai kuɗin wutar nan ba. In layinka mai araha ne kuma awannin wutar ba su da yawa, inji na zaune, janareta kuwa dizal ya fi nefa tsada nesa ba kusa ba. Wasu daga nan ne suke zamewa su yi baifas, wato jan wuta ta bayan mita, wanda Dokar Wutar Lantarki ta 2023 ta tanadar wa tara da ɗauri, kuma kilowat 10 ba ya ɓuya a taransifomar unguwa.

Ka duba risit ɗin katinka ka ga nawa ake sayar maka yunit, ka ninka da 78, ka gwada da abin da injin ke bayarwa yau a dala. In ya fita da riba, ka turo min tazarar ɗakin daga mita da awon boltej ɗin da ka yi, sai in faɗa maka kaurin wayar daidai.