Amsar Kawu kan ɗauke sunan shafin kasuwancinku

Ɗana, na ga saƙonka tun la'asar, sabis ne babu sai yanzu da na fito bakin titi. Ka ce za ka ɗauke sunan shafin cinikin riɗinku, wato adireshinku na intanet, daga kamfanin da yake ka kai wani mai araha, kana tambaya wai a al'ada dole sai ka yi sallama da yaron da ya buɗe muku shi, tunda kun ɗan samu saɓani.

To dole ne. Mu nan ko gonar aro za ka bari sai ka je ka yi sallama da mai ita, a zaga iyaka tare, a rabu da mutunci. Kuma wallahi ba maganar kunya kaɗai ba ce, lokacin da ƙungiyarmu ta manoma ta yi irin wannan ashe da imel ɗin wanda ya yi mana rajista aka buɗe komai, lambar sirrin nan ta EPP wadda sabon kamfani ba zai karɓe ka ba sai da ita can wajensa ta tafi, sai da muka hau mashin har Gumel muka ba shi haƙuri ya turo mana.

Kar kuma ka yi gaggawar canza sunan mai shi ko imel kafin ɗaukewar, kamfanoni da yawa kulle shi suke yi kwana 60 ba a iya ɗauke shi, haka ma in rajistar sabuwa ce, tsarin ICANN ne, hukumar da ke kula da sunayen shafukan intanet a duniya. In sunan naku da .ng ya ƙare, wannan NiRA, hukumar sunayen shafukan Najeriya, ke kula da shi, ka tambayi ƙa'idarsu.

Arahar da ta ruɗe ka ta shekarar farko ce fa, duba kuɗin sabuntawa, in da dala ne ka san halin naira. In .com ne za ka biya kuɗin shekara guda wajen ɗaukewa, su ƙara maka ita a kan wa'adinka.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne imel ɗinmu da ya mutu, don ba mu kwafe bayanan DNS, masu nuna inda shafi da imel suke, ba kafin mu tashi, wani dillali a Dawanau ya yi ta turo saƙo yana komawa masa, ya ɗauka mun daina sana'a ya sayi kaya a wani wajen. Ka sa a kwafe su tukuna. Kuma kar ka bari sai wa'adi ya zo wuya, aikin kan ci kwana 5 zuwa 7, in sunan ya faɗi kuɗin fansarsa ya ninka na sabuntawa.

Ranar Alhamis yaron yana shigowa kasuwar Maigatari, ka biyo ta gida da sassafe mu je tare, ni zan fara yi masa magana.