Amsa: Maganin ƙwari yana ɓacewa wajen tatsowa daga ƙasa

Ɗan'uwa, ka ce ka zuba maganin ƙwari na DDT da gangan a samfurin ƙasa don gwaji, ka tatso da na'urar Soxhlet (na'urar gilashi mai ta kewaya ruwan sinadari ta cikin samfuri) na awa shida da hegzen zalla, wato ruwan sinadarin da ke narkar da maganin ya fito da shi, amma abin da ya dawo bai kai rabi ba. Ni laima nake zargi. Hegzen ba ya ga maciji da ruwa. In ƙasar da danshi, sai ya bi ta gefe ya wuce bai ratsa ta ba. Kwaɓa giram 10 na ƙasar da giram 10 na busasshen sodiyam salfet (garin sinadari mai tsotse laima) har ta koma garas-garas kamar yashi, ba ta manne wa cokali. Sannan ka gauraya hegzen da asiton (wani ruwan sinadari mai haɗuwa da ruwa) rabi da rabi, shi asiton ne ke kutsawa inda ruwa yake. Salfet ɗin ma a gasa shi awa 4 a zafin digiri 400 na ma'aunin Celsius tukuna.

Kada ka yi gaggawa. Awa 16 zuwa 24 ake bari, gaurayen hegzen da asiton yana kewayawa sau 4 zuwa 6 a awa. Awa shidan da ka ambata ta yi kaɗan.

Sai wajen ƙafar da ruwan sinadarin da aka tatso, inda na taɓa yin asarar aikin kwana biyu: na fita amsa waya, na dawo na tarar kwalba ta bushe ƙayau. Tsaya a mililita 1, ka ɗauraye bangon kwalbar da ɗan hegzen.

Roba kuwa, nisanta ta da samfurin, gilashi kawai.