An Yi Mana Annabci Bai Cika Ba, Ina Zan Sa Begena?

Tambaya:

Baba Fasto, gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ni 'yar Zumuntar Mata ce daga Kudancin Kaduna, ina da 'ya'ya huɗu. Kafin zaɓen 2023 wani bawan Allah da nake bin wa'azinsa a waya ya ce Ubangiji ya nuna masa wanda zai ci, ya ce mu yi azumin kwana 21 mu kuma shuka iri, wato mu ba shi kuɗi. Na yi azumin, na tura masa kuɗin adashena. Abin bai faru ba. Tun daga nan komai ya yi tsada, an kai hari ƙauyen mijina sau biyu, gonarmu ta can ma ba ma iya zuwa. Yanzu 2027 ta ƙarato, annabce-annabce sun sake cika WhatsApp. In na durƙusa zan yi addu'a bakina ba ya buɗuwa, da dare kuma barci ba ya zuwa. Baba, Allah ne ya fasa maganarsa, ko bangaskiyarmu ce ta kasa? Ya yashe mu ne a ƙasar nan? Ina mai bi zai sami ta'aziyya?

Amsa:

'Yata, alheri da salama su tabbata a gare ki. Sannu da wannan kaya da kike ɗauke da shi ke kaɗai. Bari in fara sauke miki rabinsa. Bangaskiyarki ba ta kasa ba, Allah kuma bai fasa maganarsa ba, domin tun farko bai faɗi wannan magana ba. Mutum ne ya faɗe ta, ya jingina ta ga sunan Ubangiji. Ki buɗe Maimaitawar Shari'a 18:21-22. An san jama'a za su yi irin tambayarki, wato yaya za a gane maganar da ba daga Ubangiji take ba. Amsar gajeriya ce: in annabi ya yi magana da sunan Ubangiji abin bai faru ba, to ba Ubangiji ne ya faɗa ba, izgili ya yi, kada a ji tsoronsa. Babu inda aka ce a koma a binciki azumin masu sauraro.

Zan daɗe a kan wannan batu, ki yi haƙuri da ni. Da wuya mako ya wuce ban zauna da wanda wannan cuta ta kama ba, har na gaji da ganin tumakin Almasihu suna zuwa da raunin da masu kiran kansu makiyaya suka ji musu.

Kin san labarin Irmiya sura 28, amma ki sake karanta shi da idon mai zaune a Najeriya. Nebukadnezzar ya riga ya kwashe sarki da manyan Yahuza da kayan Haikali zuwa Babila. Waɗanda suka rage a Urushalima suna cikin fargaba, kowa na son ya ji labari mai daɗi. Sai wani annabi mai suna Hananiya ya tashi a cikin Haikali, gaban firistoci da jama'a, ya ce Ubangiji ya karya karkiyar sarkin Babila, cikin shekara biyu komai zai dawo. Ya sa wa'adi, ya faɗi abin da kunne ke so. Irmiya da kansa ya ce Amin, Ubangiji ya sa haka, domin shi ma yana ƙaunar ƙasarsa. Amma ya ƙara da cewa annabin da ya yi alkawarin salama, sai maganarsa ta cika za a san Ubangiji ne ya aiko shi. Hananiya ya fizge karkiyar itace daga wuyan Irmiya ya karya ta a gaban mutane. Ranar nan in da za a kaɗa ƙuri'a a harabar Haikali, Hananiya ne zai lashe. Me Ubangiji ya ce? Ka karya ta itace, ta ƙarfe za ta maye gurbinta, ka kuma sa mutanen nan sun dogara ga ƙarya. A wata na biyar ya yi annabcin, a wata na bakwai ya mutu. Bayan 'yan shekaru Urushalima ta faɗi.

Laifin da aka kama Hananiya da shi ke nan: ya sa mutane sun dogara ga ƙarya. Shi ne kuma abin da aka yi miki. Mutum ya kunna kyamara, ya rufe ido, ya ce ya ga wane a kan kujera, ga lambar asusun banki tana yawo a ƙasan hoton. Gwauruwa ta tura kuɗin makarantar ɗanta, mai kayan miya ta tura jarinta, ke kin tura adashenki. Da aka sanar da sakamako, wane ne a cikinsu ya fito ya ce, ikilisiya ku gafarta mini, na yi ƙarya da sunan Allah? Sai dai wannan ya ce an sace nasarar, wancan ya ce ba ku yi addu'a yadda ya kamata ba, wani ya ce ai an ci a ruhaniya. Maganar maguɗi tana da wurinta, 'yan ƙasa suna da 'yancin su yi ƙorafi su tafi kotu, an kuma je har Kotun Ƙoli a 2023. Amma Allahn da Ishaya 46:10 ya ce yana sanar da ƙarshe tun daga farko, maguɗi ne zai zo masa ba zato? In da shi ya yi magana, da ya faɗi abin da zai faru. Mafi muni a cikin uzurorin nan shi ne na biyu, domin yana ɗauke laifi daga kan maƙaryaci ya ɗora a kan mace irinki da ta yi kwana 21 da yunwa cikin gaskiyar zuciya. Shi ya sa bakinki ya kulle. An sa kin ɗauka Allah ya yi alkawari ya saɓa, ko kuwa ke ce kika ɓata wa ƙasa gaba ɗaya albarkarta. Duka biyun ƙarya ne.

Mu fastoci ma muna da namu alhakin. Lokacin yaƙin neman zaɓe ɗan siyasa yakan zo da gudummawar ginin majami'a, mu ba shi wurin tsayawa a gaban jama'a, mu ɗora masa hannu kamar Dawuda ne aka shafe. Mun bar mutanenmu suna jin cewa in namu ya hau, mulkin Allah ya zo, in bai hau ba, Allah ya sha kaye. Ke 'yar Kudancin Kaduna ce, ba sai na tuna miki irin murnar da aka yi a 2010 ba, lokacin da Patrick Yakowa ya zama Kirista na farko da ya hau kujerar gwamnan Kaduna. Mutum ne mai son zaman lafiya, ina girmama shi. Duk da haka rikicin bayan zaɓen 2011, wanda ya ci rayuka fiye da 800 a Arewa, Kirista da Musulmi, har da abin da ya faru a Zonkwa da Kafanchan, ya auku ne yana gwamna, shugaban ƙasa ma Kirista. A 15 ga Disamba 2012 jirgi mai saukar ungulu ya faɗi da shi a Bayelsa. An sace 'yan matan Chibok 276 a Afrilu 2014 a ƙarƙashin shugaba Kirista, an sace na Dapchi, har da Leah Sharibu, a Fabrairu 2018 a ƙarƙashin shugaba Musulmi. Zabura 146:3-4 ta riga ta gargaɗe mu kada mu dogara ga shugabanni, domin numfashinsu yakan fita su koma ƙasa, shirye-shiryensu su watse a ranar. Ba ina nufin duk shugabanni ɗaya ne ba. Shugaba adali rahama ce, azzalumi kuwa masifa, shi ya sa nake gaya wa kowane mai bi ya karɓi katin zaɓensa ya fita ya yi zaɓe da tsoron Allah, kada ya sayar da ƙuri'arsa saboda taliya da atamfa. Ki ba ɗan takara ƙuri'arki in kin ga ya cancanta. Begenki kuwa ya fi ƙarfin wuyansa, ba zai iya ɗauka ba.

To ina ta'aziyyar take? Tana cikin sura ta gaba, Irmiya 29. Aya 11 kowa ya haddace ta, tana kan kalanda, tana bayan Keke Napep: Ubangiji ya san shirin da yake da shi dominmu, na alheri, don ya ba mu bege. Kaɗan ne ke karanta aya 10, inda aka ce sai shekara 70 sun cika. Yawancin dattawan da aka karanta wa wasiƙar nan a Babila ba su ga ranar komawa da idonsu ba, amma alkawarin nasu ne, Allah kuma yana tare da su a can cikin bautar talala. Ga abin da aka ce su yi kafin nan: ku gina gidaje ku zauna, ku dasa gonaki ku ci amfaninsu, ku yi aure ku aurar da 'ya'yanku, ku nemi lafiyar birnin da kuke ciki ku yi masa addu'a, gama cikin lafiyarsa za ku sami taku. Nan take kuma aka ja musu kunne a kan annabawa da masu mafarkin da ke cikinsu.

Ki lura da wannan na neman lafiyar birni. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Tsadar da ta hana ki sayen mudun shinkafa ta hana maƙwabciyarki Musulma, masu garkuwa da mutane sun zubar da hawayen iyaye a Zamfara da Katsina kamar yadda suka zubar da namu. A Yuni 2018, a ƙauyen Nghar da ke Barkin Ladi, wani limami, Abubakar Abdullahi, ya ɓoye mutum fiye da 200, yawancinsu Kirista, a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a gaban maharan ya ƙi ba da su. Don haka in saƙo ya shigo wayarki da tsakar dare, da hoton gawawwaki ba kwanan wata ba sunan gari, ana cewa ki tura wa mutum 20 in kina ƙaunar Yesu, ki goge shi. Hare-haren da ake kai mana gaskiya ne, kin gani a ƙauyen mijinki, ba mu bukatar ƙarya don mu faɗe su, dole kuma mu ci gaba da matsa wa hukuma ta kare rayuka. Amma irin waɗannan saƙonni ne ke sa yaranmu su tare hanya su auka wa matafiyin da bai san hawa ba bai san sauka ba.

In kina son ki ga yadda bege na gaske yake, ki tuna da Rabaran Lawan Andimi na Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya (EYN), shugaban Ƙungiyar Kiristocin Najeriya (CAN) na Michika a Adamawa. Boko Haram suka kama shi a farkon Janairu 2020. A bidiyon da suka fitar bai sa wa Allah wa'adi ba. Ya ce bai karaya ba domin kowane hali da mutum ya sami kansa a hannun Allah yake. Ya ce yana fata ya koma wurin matarsa da 'ya'yansa, in kuwa ba a ba shi dama ba, wataƙila nufin Allah ke nan. Kafin watan ya ƙare suka kashe shi. Har yau in na tuna da natsuwar fuskarsa sai hawaye su zo mini. Mutumin da ya san Almasihu ya tashi daga matattu ne kaɗai ke iya magana haka a gaban masu bindiga.

Game da addu'ar da ta ƙi fitowa, kada ki tsananta wa kanki. Romawa 8:26 ta ce ba mu san yadda za mu yi addu'a ba, Ruhu da kansa yake roƙo dominmu da nishe-nishen da ba su faɗuwa. Ki durƙusa ko da ba ki ce komai ba. In kina son kalmomi, ki ari na Zabura 13, mai tambayar Ubangiji har yaushe, ko na Makoki sura 3, wanda aka rubuta a kan kufan Urushalima, inda mai kuka ya tuna cewa jinƙan Ubangiji sabo ne kowace safiya. Kuka a gaban Allah ibada ce, Yesu ma ya yi wa Urushalima kuka. Ki ajiye wayar nan nesa da shimfiɗarki da dare. In rashin barcin ya ci gaba, ki je asibiti a auna hawan jininki ki gaya wa likita, babu rashin bangaskiya a cikin haka. Wancan mai wa'azi kuwa ki daina sauraronsa, kada ki ƙara tura masa ko sisi. Baikonki ki kai ikilisiyarku, inda dattawa ke karanta lissafi a gaban kowa.

Maganar gonarku ta tsaya mini a rai. A Irmiya 32 sojojin Babila sun kewaye Urushalima, Irmiya yana tsare a gidan waƙafi, sai Ubangiji ya ce ya sayi gonar ɗan'uwansa Hanamel da ke Anatot. Ya auna shekel 17 na azurfa, ya sa hannu gaban shaidu, ya ba Baruk takardun ya ce a sa su a tukunyar ƙasa don su daɗe, gama za a sake sayen gidaje da gonaki a ƙasar. Ya biya kuɗin gonar da ba zai iya takawa ya gani ba a ranar. Ba na ce ku koma ƙauye alhali babu tsaro ba, rai ya fi gona, ku bi shawarar mutanen wurin. Amma kada ku yi mata sayarwar fid da rai. Ku adana takardunta, ku riƙa faɗa wa yara sunanta da iyakokinta. In akwai ɗan fili a bayan gidan da kuke, ki shuka ko kuɓewa ce da damina. Ranar taron Zumunta ki ɗaura zanenki ki koma cikin 'yan'uwanki mata, ki gaya wa shugabarku abin da kika gaya mini, ku nemo wata da aka kora daga ƙauyenta ku kai mata hatsi ku zauna da ita. Ni da Mama za mu riƙa ambaton ki da mijinki da yaran nan huɗu a addu'ar safe. Ki gaishe mini da maigidan.